Dogon Harsashi da Bindigar Tambari

Ni Maigandi maƙeri ne. A Ƙofar Marke aka haife ni, a nan kuma maƙerarmu take tun zamanin kakana. Garma da lauje su ke ciyar da gidana, amma aikin da raina ya fi so shi ne zubin harsashi, domin dalma ba ta da taurin kai irin na ƙarfe. Duk maharbin da ke Sakkwato a wancan lokaci ya san ƙofata. Wanda ya fi kowa zaman dirshan a bakinta kuwa shi ne Tambari, ɗan gwaggona. Taubashina ne, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, don haka ina da izinin in tsokane shi, shi ma yana da izinin ya rama, kuma ba mu taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

Tambari ya yi suna a harbi, amma ba don ƙarfin bindiga ba. Sunansa a sanɗa yake. Yakan kwanta rub da ciki ya ja jiki cikin ciyawa tun hantsi har azahar, sai ya matso barewa har yana jin ƙarar taunarta, sannan ya ɗana. Duk wanda ya yi harbi daga nesa, a wurin Tambari matsoraci ne ko malalaci, kuma yakan faɗa masa haka a gaban jama'a. Bindigarsa 'yar toka ce doguwa, gadon mahaifinsa, an naɗe gindinta da jar fata. Sau biyu ina yi mata gyara, duka biyun yana tsaye a kaina kamar zan sace ta.

A shekara ta bakwai da shigowar Nasara aka yi shela cewa duk mai bindiga ya kai ta bariki. Wanda aka tabbatar maharbi ne za a buga wa tasa lamba ya koma da ita, saura kuwa a karya. Baturen da aka ba aikin muna kiransa Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa ba tare da lofen taba ba. Tafintansa Lawali ne, tsohon soja, mutumin Ƙofar Atiku. Ban san wanda ya kai tsegumi ba, amma an gaya wa Mai Lofe cewa Tambari ya yi damina biyu bai kawo ko ƙafar gada kasuwa ba. Abin haushin shi ne, gaskiya ne.

Mai Lofe bai karya bindigar nan take ba. Akwai wani kada da ya addabi mashayar da ke ƙasan unguwarmu, ya ci awaki, ya ja ɗan maraƙi, har mata sun daina zuwa wanki. Baturen ya ce ya ba Tambari kwana goma sha biyar. In ya kashe kadan, bindiga tasa ce. In bai kashe ba, shi zai je ya harbe shi da kansa, a kuma karya 'yar tokar a gaban mai ita.

Da yamma Tambari ya zo maƙera, ya zauna a kan kututturen da ya mayar nasa, ya ce in zuba masa harsashin da zai kai taku ɗari biyu. Na yi dariya har na saki zuga-zugi. Na tuna masa abin da ya saba faɗa a kan masu harbin nesa, na tambaye shi a cikin biyun wane ya zama, matsoracin ko malalacin. Bai rama ba, wanda ya kamata ya sa in yi tunani. Sai ya shiga bayani cewa kadan nan tsoho ne mai wayo, a kan wani yashi yake shan rana a tsakiyar gulbi, kuma busasshen wurin ɓuya mafi kusa da shi taku ɗari biyu ne. Na ce to ina jan cikin nan nasa cikin ciyawar ruwa? Ya ce zamani ya sake, Nasara sun zo da harbin nesa, ba zai zauna a bar shi a baya ba.

Laifina ke nan, kuma ba zan ɓoye ba. In ka ba maƙeri sabon aikin da ba wanda ya taɓa yi, ba ya ƙara ganin komai a duniya. Kaina ya kumbura, na ce ya ba ni kwana uku.

Na san inda zan fara. Mai Lofe yakan je wajen tsohuwar ganuwa ya yi ta harbin wani allo, ni kuma nakan bi baya in tono dalmar daga cikin ƙasa in narka. Wannan karon ban narka ba, na zauna na ƙura wa abin ido. Harsashinmu ƙwallo ne kamar kanya. Na Bature dogo ne siriri kamar ƙwallon dabino, da ɗan tsini a gaba, a jikinsa kuma akwai wasu 'yan zane-zane a karkace waɗanda na ɗauka ƙasar ganuwa ce ta karce shi.

Allah ya kawo Lawali gyaran linzami, na tsare shi da tambaya. Lawali mutum ne da in ya san abu ɗaya sai ya faɗe shi kamar ya san goma, amma ɗayan nan da ya sani mai kyau ne. Ya ce Turawa sun gano iska ma ruwa ce, sai dai ba ta jiƙa mutum. Ka tura ƙwarya cikin ruwa ka ji yadda take turjewa, ka tura sanda ta tsaye ka ji yadda take wucewa. Ya ce Mai Lofe yana da ɗan littafi, kowane irin harsashi da lambarsa a ciki, lambar da ke nuna yadda yake huda iska. In lambar babba ce, harsashin ba ya saurin gajiya, ba ya saurin faɗuwa, iskar gefe ma ba ta cika kautar da shi ba. Abin da ke ƙara lambar kuwa shi ne nauyi mai yawa a bayan ƙaramar fuska, da tsinin baki. Namu ƙwallon, in ji shi, fuska ce kawai ba jiki, shi ya sa kafin taku tamanin ya fara neman wurin kwanciya. Na tambaye shi ko shi ke nan sirrin. Ya daki ƙirji ya ce shi ke nan, shekara shida ya yi yana goge bindigar Bature.

Na samo dutse mai laushi na sassaƙa mazubi. Na zuba dogaye guda goma sha biyu daidai bakin bindigar Tambari, kowanne ya ninka ƙwallonmu nauyi har da ɗori. Na goge su har suna ɗaukar ido. Ban taɓa ƙera abin da ya yi mini kyau kamarsu ba, har na jera su a kan uwar maƙera ina kallo.

Muka tafi wani lungu na ganuwa inda ba mutane. Na rataya tsohuwar tabarma, na zana da'ira da gawayi, na auna taku. Muka fara da ƙwallon da muka saba, don mu san inda muke. Tambari ya ɗura albarushi yatsa huɗu, yadda ubansa ya koya masa, ya danna tsumma, ya jefa ƙwallo. A taku hamsin ya huda tsakiyar da'ira. A ɗari ya sauka kamu guda ƙasa da ita. A ɗari biyu ƙura kawai muka ga ta tashi can gaban tabarma. Na ce to, yanzu a ba gwani hanya.

Dogon farko ya fita da wani irin ƙugi da ban taɓa ji ba. Na ruga wurin tabarma na tarar da huda a can kusurwa, amma ba zagaye ba, doguwa a kwance. A gicciye ya shiga. Na biyu bai ma san da zaman tabarmar ba. Akwai wata kuka wajen taku ashirin hagu da ita, sai muka ji ƙwas, ɗan kuka ya faɗo ƙasa.

Tambari ya dubi bishiyar ya ce, "Maigandi, in Bature kunun kuka shika so, mun gama aiki."

Na ji zafin maganar, amma na fi jin zafin harsashin. Muka harba shida, ba biyun da suka bi hanya ɗaya. Tambari ya ce a ƙara albarushi zuwa yatsa shida. Na ƙi. Ni na san cikin bindigar nan, na san inda na yi mata faci, kuma ba ni da niyyar kai wa gwaggona rabin ɗanta a cikin kwando. Muka yi cacar baki, ya ɗura biyar a kan idona don ya nuna mini shi ne babba. Bindiga ta tokare shi a kafaɗa har hularsa ta faɗi, harsashin kuma ya tafi inda ya ga dama, sai dai ya fi na baya saurin zuwa can.

Kwana biyu ina fushi da kowa a gida. Ran na uku da la'asar ina zaune a tsakar gida ina jujjuya harsashin Bature a hannu ina ƙunƙuni, maiɗakina Dijatu tana kaɗi a gefe. Ta gaji da ni, ta miƙo hannu ta karɓa. Ta dube shi, ta bi zanen nan na karkace da farce. Sai ta tsayar da mazarinta a kan fata ta sake shi, ya faɗi. Ta sake tsayar da shi ta murza, ya tsaya cak yana juyi.

"Maigida, wanga abu juyawa shikai in ya hita," in ji ta. "Naka ba shi juyawa, don mi ba shi hwaɗuwa?"

Ta mayar mini da shi ta ci gaba da kaɗinta. Na so in ce harkar maza ce, amma sai na sake duban zanen. Da safe na je na tare Lawali, ya ce af, ai kuwa akwai wasu 'yan kwaruruka a murɗe cikin bakin bindigar Bature, su ne ma suka fi wuyar gogewa. Shekara shida yana zagin kwarurukan nan bai taɓa tambayar amfaninsu ba. Bindigar Tambari kuwa cikinta sumul yake, ba abin da zai murza harsashi.

Na je wa Tambari da shawarar in yanka irin kwarurukan a cikin tasa. Ya rungume ta ya ce in na kuskura na kusance ta da magagari zai harbe ni. Na ce in dai da dogon harsashina ne, ya bari in tsaya a gabansa sosai, don nan ne kaɗai na tabbata ba zai same ni ba.

Shi ne ya kawo mafita ba da niyya ba. Cikin gori ya ce kibiyar da yake harbi da ita yana saurayi doguwa ce, ba ta juyawa, kuma ba ta taɓa zuwa a gicciye ba, saboda maƙeran da sun san aikinsu. Na bar gorin ya wuce na riƙe maganar. Kibiya ƙarfe ne a kai, kara a baya, nauyinta duk a gaba yake, shi ke jan sauran. Na koma na sake mazubi. Na rage tsawon, na bar kan da ƙauri, na yi wa gindin rami kamar ƙoƙo.

Wannan ya tafi da kansa a gaba. Huda ta fito zagaye, ƙugin nan ya ɓace. A taku ɗari bai sauka kamar yadda ƙwallo ke sauka ba, rabin haka ma bai kai ba. A ɗari da hamsin muka sami tabarma sau uku cikin biyar, in an auna kamu biyu sama da da'ira. A ɗari biyu sai an auna sama da tsawon mutum, a kuma duba iska. Na kafa sanda na ɗaura mata tsumma don mu ga inda take kaɗawa, na tsaga alamomi a jikin wani kara, kowace alama da nata nisan. Na zama Bature ƙarami, har ina tafiya da hannu a baya. Tambari ya yi ta gunaguni cewa tun da yake bai taɓa auna sararin Allah yana nufin abin da ke ƙasa ba, amma ya bi. Cikin harbi shida, biyu suka taɓa tabarma.

Ni murna nake. Shi kuwa ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, ya ce wurin da ake samun kada a bayan ido bai fi wannan ba, sauran jikinsa duk sulke ne. Tabarma kuwa ta isa mutum biyu su kwanta. Ranar kwana goma sha biyu ke nan, saura uku.

Muna cikin haka ƙahon albarushinsa ya zame daga cinyarsa, ya gangara kamar taku uku ƙasan tudun da yake zaune. Ya dubi ƙahon, ya dube ni. Na gane so yake in ɗauko, ni kuma na naɗe hannu na ce ai ni maƙerinsa ne, ba baransa ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe a hankali, ya taka, ya durƙusa ya ɗauki ƙahon. Sai ya kasa tashi. Ya yunƙura sau biyu, gumi ya keto masa, ƙafar dama ta ƙi karɓar sa.

Nan take abubuwa suka dawo mini. Kwana da kwanaki ni kaɗai ke zirga-zirga zuwa tabarma, shi yana zaune. A kan jaki yake zuwa, na ɗauka isa ce ta tsufa. Na je na kama shi na zaunar, ya janye wando na ga gwiwar ta kumbura ta yi sul.

"Shekara biyu ke nan," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Tahiya ina yi kaɗan-kaɗan. Jan ciki na ba ni iyawa. In na kwanta, sai an tashe ni. Ba zamani na yas sake ba, Maigandi, ni na."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Mutumin nan kullum yana ƙofata, na san kowane tabo a jikin bindigarsa, amma ban san ƙafarsa ta mutu ba. Ya zo mini da ciwo, ni na tsaya ina sha'awar dalma. Tausayinsa kuma ya kama ni, don na san abin da ya ci masa kafin ya buɗe baki ya nemi harbin nesa.

Can na tambaye shi taku nawa yake bukata in da ƙafarsa lafiya take. Ya ce talatin. Na tambaya ko akwai hanya ta cikin ciyawar ruwa. Ya ce akwai, yanzu bazara ce, ruwan bai wuce ƙirji ba. Sai na ji bakina yana cewa ai Bature bai ce dole da ƙafarsa zai je ba. Ya ɗago ya dube ni, ya gane, ya ce har abada. Ya ce gara a karya bindigar da a ce an goya Tambari. Na ce ba goyo ba ne, hawa ne, manya ma hawa suke yi. Ya tuna mini cewa ni ko kwalekwale ba na shiga, wanda gaskiya ne, mu mutanen wuta ne, ruwa ba namu ba ne. Muka kwashe yinin muna jayayya. Washegari ya aiko a ce mini in zo da tsohon rawani.

Ranar kwana goma sha huɗu da hantsi muka sauka gulbi can ƙasa da mashaya, inda iska ke bugun fuskarmu. Ya shafe mu da laka, ya ɗaura mini ciyawa a ka har ban ganin gabana sosai, ya naɗe rawanin ya ɗora mini kamar gammo. Na durƙusa ya hau wuyana, bindiga a hannu. Da na miƙe sai gabana ya faɗi, don bai fi damin kara nauyi ba. Mutumin da nake ganin ya cika ƙofata, ashe riga ce kawai.

Ya ce ba magana daga nan. In ya matsa diddige, in taka. In ya ja kunnena, in tsaya. Kunnen nan ya sha ja a ranar, kuma na tabbata rabi don aiki ne, rabi don ramuwar shekara da shekaru. Ruwa ya kai cibiya, ya kai ƙirji. Laka tana riƙe ƙafa, matsattsaku suna cin rabonsu, wani abu ya goge ni a ƙwauri na karanta duk addu'ar da na sani. Sai iska ta kaɗa ciyawa muke motsi, in ta tsaya mu tsaya. Wani lokaci taku ɗaya, sai jira har wuyana ya ƙage. A nan na san aikin Tambari, wanda na yi shekara talatin ina yi wa dariya ban taɓa gani ba. Ta cinyoyinsa nake jin yadda yake sauraron komai, tsuntsu, iska, motsin ruwa. Mutumin da ba ya iya tashi daga durƙuso ya koma maharbi tun daga ƙugu har sama.

Rana ta take tsaka, ta ɗan karkata. Ya ja kunnuwana biyu gaba ɗaya. Ta tsakanin ciyawa na hango kadan nan a kan yashi, baki a buɗe, tsawonsa ya sa na fara ja da baya. Tambari ya matse ni da cinya har na tsaya cak. Na ji nauyin bakin bindiga ya sauka a kan rawanin da ke kaina. Na rufe ido.

Ban ji ƙarar ba, duka na ji, kamar an sauke mini masaba a ka. Da hayaƙi ya washe, kadan ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya miƙe, bai ƙara motsi ba. Kunnena na hagu tun ranar bai sake aiki ba. Da muka fita tudu, abin da na fara tambaya shi ne yadda dogon harsashina ya yi. Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin na ji, ya ce ƙwallo ya ɗura, yatsa huɗu, a taku talatin ba ya bukatar dabarar kowa. Na yi fushi ƙwarai, na kuma ɗauke shi na kai shi wurin jakinsa.

Ba wanda ya gan mu cikin ciyawa. Ƙara kawai aka ji, masunta suka jawo kadan, kuma da ma gari ya san muna gwajin harsashin nesa. Kafin mu isa bariki washegari, labari ya riga mu cewa Tambari ya harbi kada daga taku ɗari biyu da harsashin Maigandi. Wasu ma sun kai shi ɗari uku. Na ji daɗin labarin, ba zan yi ƙarya ba, na kuma ga ya rufa wa kowa asiri.

Mai Lofe ya zagaya kadan, ya sa yatsa a hudar. Ya ce a nuna masa harsashin da ake magana. Na miƙa masa ɗaya, ya auna shi a tafin hannu, ya leƙa ramin gindin, ya ɗaga gira, ya ce wa Lawali wani abu. Lawali ya ce Bature ya ce wanda ya yi wannan yana da kai. Sai Baturen ya tambayi nisan harbin. Na riga kowa, na ce ɗari biyu.

"Talatin," in ji Tambari. "Ranka shi daɗe, talatin na. Kuma bisa wuyan wanga maƙeri nih harba, shi yak kai ni, don ƙahwata ba ta kai ni. Da ƙwallo nih harba, ba da nashi ba."

Lawali ya dube shi ya yi ƙasa da murya ya ce ko ya bar wannan a tsakaninsu. Tambari ya ce ya juya maganar duka zuwa Turanci, kada ya rage ko kalma, bai yi harbin nesa yana da ƙarfi ba, ba zai karɓi yabonsa da tsufa ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, rabi don ƙaryata da ta tonu, rabi don ina ganin bindigar nan ta tafi.

Lawali ya juya maganar. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, ranar muka fara ganin haƙoransa. Ya dubi Tambari, ya dubi ƙafar, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce doka ta ce bindiga ta maharbin da ke iya zuwa daji ce, wannan kuwa ba ya iyawa sai an kai shi. Don haka tambayarsa gare ni take, ko na ɗauke shi jiya kaɗai ne, ko zan ci gaba.

Ina da maƙera, ina da iyali, ina da kunne ɗaya da ya rage. Duk wannan sai daga baya na tuna. Na ce zan ci gaba. Baturen ya mayar da lofensa, ya ɗaga wa mai buga lamba hannu. Tambari ya karɓi bindigarsa ya shafa wurin da aka buga, bai ce mini na gode ba. A hanya ya ce in rage cin tuwo da safe, don numfashina yana korar nama.

Kafin sati ya zagayo Ƙofar Marke ta raɗa mini Jakin Tambari, sunan kuma ya bi ni har yau. Dijatu ta ɗinka mini gammo na musamman. Duk ranar Laraba nakan rufe maƙera mu tafi fadama, jaki ya kai shi bakin ciyawa, ni in kai shi sauran. Mun kawo dinya, mun kawo gada, sau ɗaya har barewa. Dogayen harsasan suna nan cikin gora, ba wanda ya taɓa jinin dabba, ko da yake har gobe ina cewa da an ba ni wata guda da na kai su ɗari biyu.

Shekara huɗu muka yi haka. A ta biyar ciwon ya hau daga gwiwa zuwa ƙirji, ya kwanta, ya rasu wata safiyar Litinin, bindigarsa tana rataye a saman gadonsa da lambarta. Na shiga cikin masu ɗaukar makara, na kama gaba ta dama. Shekara huɗu ina ɗaukar mutumin nan ni kaɗai, cikin laka da ƙaya, ban taɓa cewa na gaji ba. Ran nan mu huɗu ne a kan busasshiyar hanya, amma ba mu kai rabi ba sai da na roƙa a karɓe ni.